Kwana shida a Mairi: Hoton ƙirjin da ya tsayar da tafiya Ingila

 A wannan makon tsarabar tafiya na kawo muku. Na yi kwana shida a Maiduguri, a unguwar Mairi, kuma abin da na gani a can ya shafi duk gidan da ke da yaro ko yarinya mai burin fita karatu ƙasar waje. Ya kuma shafi duk gidan da ke da mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Wanda bai san Mairi ba, unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Jere, a jikin katangar Jami'ar Maiduguri. Daga cikin gari hanyar Bama za ka kama. Asibitin Koyarwa na jami'ar, da Tashar Bama, da rukunin gidajen 202 da 303 duk a wannan hanya suke. Babu acaɓa a garin tun 2011, don haka Keke Napep ce za ta kai ka, ta sauka daga kwalta ta shiga lunguna masu yashi, inda dogon yaro ke yi wa ƙofar gidaje inuwa. Na isa cikin hunturu, hazo ya rufe gari, rana ta zama kamar faifai a sama. Kowa ka gani ya rufe hanci da rawani ko gyale, kuma kusan kowa yana ɗan tari.

An kafa jami'ar a 1975, kuma Mairi da ita ta girma. Ɗakunan kwanan ɗalibai na cikin makaranta ba sa isa, sai unguwar ta zama masaukin waɗanda suka rasa gado a ciki. Da safe za ka ga samari da 'yan mata suna ɓullowa daga lunguna da littattafai a hannu, suna tsayawa wurin mai shayi ko mai ƙosai. Za ka ji Kanuri, ka ji Hausa, ka ji Babur da Marghi da Larabcin Shuwa, ka ji Turancin Buroka a bakin 'yan kudu, duk a layi ɗaya. Shagunan buga takardu da kwafi sun jeru, kowanne da ɗan janaretonsa. Da yamma kuwa ƙamshin turaren wuta ne ke fitowa daga gidaje, wanda duk wanda ya san matan Borno ya san ba a raba su da shi.

Mutanen unguwar sun ga tashin hankali a shekarun rikici, har ta kai an haƙa rami a bayan jami'ar a 2017 saboda masu kai hari. Duk da haka yara ba su daina karatu ba. Shi ya sa idan yaron Mairi ya samu gurbin karatu a waje, murnar ta dukan layinsu ce.

Abin da ya kai ni

Goggona ce ta kira ni. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin jami'a ne. Ya bar mata gida a Mairi mai ɗakuna bakwai da take ba ɗalibai haya, da kuɗin hayar take riƙe marayunta. Babban ɗanta ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo yana aiki a wani shagon kwamfuta. Sai Allah Ya ba shi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, tare da tallafin da ya ɗauke masa kuɗin makaranta. Ana sa ran ya fara a watan Satumba. Goggo ta sayar da ɗan kunnenta na zinari, kawunnai suka yi karo-karo, aka haɗa kuɗin biza da na jirgi.

Abu ɗaya ya rage, takardar gwajin tarin fuka, wato tarin tibi. Dokar Birtaniya ita ce duk wanda ke zaune a Najeriya, zai kuma wuce wata 6 a can, sai ya haɗa wannan takarda da takardun neman biza. Ba kowane asibiti suke karɓar takardarsa ba, sai wanda gwamnatinsu ta amince da shi, kamar cibiyoyin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, da ke Abuja da Legas. Yaron ya ɗauki abin kamar cike fom, ya bar shi sai ƙarshen watan Yuli. Ya yi sammako ya bi ta Damaturu da Potiskum da Bauchi da Jos, tafiyar sama da kilomita 800, da niyyar ya kwana biyu ya juyo.

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ga inuwa a saman huhun dama. Aka ce sai ya ba da kaki, wato majinar ƙirji, safiya uku a jere. Aka kuma shaida masa cewa za a shuka kakin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, kuma hakan na iya kai mako 8, domin ƙwayar tarin fuka ba ta da saurin girma. A mako na biyar aka kira shi a waya. Ƙwayar ta tsiro. Babu takarda sai ya sha magani na wata 6, an sake duba shi.

Da na tambaye shi ko bai ji komai a jikinsa ba kafin nan, sai ya ce: "Wallahi Yaya, ɗan tari ne kawai da asuba. Ramar kuma na ɗauka zirga-zirgar neman takardu ce. Zufar dare kuwa, wa ba ya zufa a Maiduguri?"

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da ake yi gida-gida a ƙasashe daban-daban ya nuna kusan rabin waɗanda ake samu da cutar a huhu ba sa kawo ƙorafin tari mai tsawo, hoto ne ke tona su. Irin wannan bincike na farko da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna cutar ta fi yadda ake zato yawa nesa ba kusa ba.

Me ya sa suke tambayar mu?

Na san wasu iyaye na ganin wannan gwaji wulaƙanci ne ga baƙar fata. Alƙaluma ne suka jawo mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya a 2023, kimanin miliyan 1.25 suka rasu. A wannan shekarar an ƙiyasta kusan mutum 500,000 ne suka kamu a Najeriya, abin da ya sa muke na ɗaya a Afirka, na shida a duniya. Jerin ƙasashen da Birtaniya ke neman wannan takarda daga gare su ya haɗa da Indiya da Pakistan da Sin da Rasha, kun ga ba mu kaɗai aka ware ba.

Kowace ƙasa da nata tsarin. Kanada da Ostireliya suna tura ɗalibi wurin likitan da suka amince da shi, a duba lafiyarsa har da hoton ƙirji. Sin tana da fom ɗin duba lafiyar baƙi, shi ma da hoton ƙirji a ciki. Malesiya tana duba ɗalibi a makon farko da saukarsa. Amurka ba ta neman gwajin kafin ba da bizar ɗalibi, amma jami'o'inta da yawa ba sa barin ka ci gaba da rajistar darussa sai an yi maka. Dokokin nan suna sauyawa, don haka a karanta shafin ofishin jakadancin ƙasar da na jami'ar, kada a dogara da bakin ejan.

Akwai bambancin da ke rikita ɗalibai, bari in warware shi. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar cutar ta taɓa shiga jikinsu. A mafi yawansu garkuwar jiki ta danne ta, tana kwance, ba ta sa su ciwo, ba sa kuma shafa wa kowa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne za ta tashi a jikinsu wata rana, musamman idan garkuwa ta yi rauni saboda cutar HIV, ko ciwon sukari, ko yunwa, ko shan taba. Hoton ƙirji da gwajin kaki, irin na Birtaniya, cutar da ta tashi suke nema. Gwajin fata da gwajin jini, irin na jami'o'in Amurka, suna nuna ko ƙwayar ta taɓa shiga jiki ne kawai.

A gwajin fata ana yin 'yar allura a ƙarƙashin fatar hannu, a dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna kumburin. To mu nan ana yi wa jarirai rigakafin BCG, wadda ke barin ɗan tabo a dantsen hagu, kuma tana iya sa wurin ya kumbura ko da babu cutar. Gwajin jini ba ya ruɗewa da BCG. Saboda haka ɗalibin da aka ba zaɓi ya zaɓi na jini, ya kuma tafi da katin rigakafinsa in yana nan. Idan jini ya nuna, hoto kuma ya fito fes, ƙwaya ce mai kwance. Wannan ba ya hana karatu. Za a ba ka shawarar shan maganin kariya na 'yan watanni, kuma shawarata ka karɓa.

Ɗakin da ke bakin zaure

Washegarin zuwana na ce a nuna mini inda yake kwana. Ɗaki ne a bakin zaure, bai fi taku huɗu da huɗu ba. Su huɗu suke kwana a ciki, shi da abokinsa da ɗalibai biyu 'yan garinsu mahaifinsa. Taga ɗaya ce, ita ma an like ta da kwali da leda saboda ƙura da sauro. Katifu biyu a ƙasa, risho a lungu, kaya rataye a ƙusa.

Da na shiga wasu gidajen haya a layin, haka na tarar. Haya ta yi tsada, sai yara su haɗa kuɗi su cunkushe. Da zafi ana kwana a waje ko a bar ƙofa a buɗe. Da sanyi kuwa a rufe ko'ina ruf, wasu har da kaskon gawayi a ciki. Ƙwayar tarin fuka a iska take tafiya. Mai cutar ya yi tari ko atishawa ko magana, ƙwayar ta fito ta rataya a iskar ɗaki na tsawon awanni. Iska mai ratsawa tana kwashe ta, hasken rana yana kashe ta. Rufaffen ɗaki mai duhu da mutum huɗu ke kwana a ciki shi ne gonarta. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuma yana da nasa haɗarin daban, domin iskarsa tana kashe mutum cikin barci.

Sai na tambayi abin da ya fi damuna: an gwada sauran ukun? Yaron ya sunkuyar da kai. Wata huɗu yana shan magani, babu wanda ya sani a gidan sai shi da mahaifiyarsa. An gaya wa mutane matsalar biza ce ta hana tafiya. Magani a cikin akwati yake ɓoye shi, yana sha a banɗaki. Ma'aikatan asibiti sun ce ya kawo waɗanda yake kwana da su, ya ce musu shi kaɗai yake kwana.

Da dare na zauna da goggo a tsakar gida. Ta ware masa kwano da kofi da cokali, ta ce wa ƙannensa wai ya fi son nasa daban. Na ce mata: "Goggo, kwanon nan ba shi da laifi. Cutar ba ta bin kwano, ba ta bin musabaha, ba ta bin tufafi. Kuma wanda ya yi makonni yana shan maganin da ya dace, da wuya ya shafa wa wani. Haɗarin yana can baya, watannin da ya yi yana tari ba a sani ba. Yaran da suka kwana da shi a lokacin su ne abin dubawa."

Ta yi shiru, sannan ta ce: "'Yar nan, kin san da hayar nan muke ci. In aka ji akwai mai tarin fuka a gidan nan, wa zai sake kama mini ɗaki? Ga ƙanwarsa an sa mata rana. Dangin miji su ji, su ce ciwon gado ne."

Ban ga laifinta ba, tsoronta yana da dalili. Na gaya mata tarin fuka ba a gadonsa. Tun ranar 24 ga Maris, 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya bayyana ƙwayar da ke kawo shi, shi ya sa ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan rana duk shekara. Abin da ke sa a ga yana bin dangi shi ne iska ɗaya suke shaƙa. Na kuma tuna mata cewa yaran nan amana ce iyayensu suka bar mata. Idan ɗaya ya kwanta, ya tafi da cutar garinsu, ya shafa wa jaririn gidansu, wannan nauyin ya fi na ɗakin da ya zauna babu haya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sai da muka kai sha biyun dare kafin ta ce to.

Abin da na gani a kemis

Kafin nan, da yamma na zaga shagunan magani na unguwar, domin mai sana'a ba ya wuce sana'arsa. Na tsaya a wani kemis kamar mai sayen man shafawa. Cikin rabin awa mutum huɗu suka zo da ƙorafin tari. Babu wanda aka tambaya kwana nawa ya yi yana yi. Kowa aka haɗa masa ruwan maganin tari da ƙwayoyin kashe cuta, biyu daga ciki aka ba su sifro.

A nan nake roƙon abokan sana'ata da masu kemis. Sifro da 'yan uwansa irin su lebofulokzasin suna taɓa ƙwayar tarin fuka kaɗan. Mai cutar zai ji sauƙi na 'yan kwanaki, ya ɗauka ya warke, gwaji ya yi jinkiri, yana ta shafa wa mutane. Sannan ƙwayar tana iya sabawa da wannan rukunin magani, alhali da shi ake dogara idan cutar ta bijire wa magungunan farko. Ɗan goggo sau uku ana haɗa masa irin wannan kafin tafiyarsa Abuja.

Tambaya ɗaya ta isa: tarin ya kai mako 2? In ya kai, ko akwai zazzaɓin yamma, ko zufar dare, ko rama, ko jini a kaki, a tura mutum gwaji. Gaskiya ne hunturu yana sa tari, hayaƙin turaren wuta da na itace ma suna sawa. Amma tarin ƙura ba ya sa mutum ramewa.

Safiyar asibiti

A kwana na uku muka cika keke biyu, abokan ɗakinsa uku da ƙannensa biyu, muka tafi sashen tarin fuka na wani asibitin gwamnati. Yaron da kansa ya gaya wa abokansa gaskiya da daddare. Ɗaya ya yi fushi, ya ce an ci amanarsa, kuma yana da gaskiya. Amma da gari ya waye shi ya fara shiga keken.

Ana kiran irin wannan sashe DOTS, yana ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta. Gwajin kaki da magani duk kyauta ne. Wanda bai san cibiyar da ke kusa da shi ba ya kira 3340, ba a cire kuɗin waya. Mun tarar da layi a kan benci a waje, inda iska ke kaɗawa, kuma haka ya dace. Akwai dattijai, akwai mata masu goyo, akwai samari da kayan makaranta.

Ana gwada kakin da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Aikinta kimanin awa 2 ne, kuma tana faɗin abu biyu: ko akwai ƙwayar, da kuma ko ta bijire wa rifamfisin, babban maganin cutar. Saboda layi da matsalar wuta, sakamako yakan kai washegari ko jibi. A kula, kaki daga ƙirji ake so, ba yawu ba. A kurkure baki da ruwa, a ja dogon numfashi sau biyu ko uku, a yi tari mai ƙarfi a fili, ba cikin ɗaki ba.

Sakamakonmu ya fito ana jibi zan tafi. Huɗu babu cutar da ta tashi, aka yi musu bayanin maganin kariya. Na biyar, ɗalibin aji uku, an same shi da ita. Shi ne wanda ya yi fushin. Ashe tun bara yake tari, yana cewa sanyi ne. Wa ya shafa wa wani tsakaninsu? Na ce su bar wannan tambayar, ba ta da amfani ga kowa. Ya fara magani a ranar, kuma ɗan goggo ne ya sa hannu a matsayin mai kula da shansa.

Yadda maganin yake

Ga wanda cutarsa ba ta bijire ba, magani wata 6 ne. Wata 2 na farko magunguna huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da itambutol. Wata 4 na ƙarshe biyun farko kawai. Yawan ƙwayoyin da za a sha ya danganta da nauyin mutum, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli. Ana sha sau ɗaya a rana, da safe kafin a ci komai. Ana sake gwada kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6.

Ga abubuwan da nake gaya wa duk wanda na miƙa wa wannan magani. Fitsari da zufa da hawaye za su yi ja-ja kamar ruwan lemo, aikin rifamfisin ne, kada a tsorata. Idan tafin ƙafa ya fara zafi ko jin kamar ana tsira allura, isoniyazid ne, bitamin B6 yana maganinsa. Ciwon gaɓoɓi yakan zo daga firazinamid. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, ko ƙuraje suka feso, a koma asibiti a ranar. A guji giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, domin hanta tana da aiki a gabanta.

Mata masu tsarin iyali su saurara da kyau. Rifamfisin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse, ciki na iya shiga. A gaya wa ma'aikaciyar lafiya ta sauya hanya. Masu shan maganin HIV su ma su faɗa, domin akan gyara yawan wasu magungunan. Mai ciki da mai shayarwa suna shan maganin tarin fuka, barin cutar ya fi haɗari gare su da jaririn. Wanda azumi ya riske shi yana magani ya je a tsara masa lokacin sha, kada ya ajiye da kansa.

Babban kuskure shi ne dainawa a wata na biyu ko na uku saboda jiki ya dawo. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai. In suka sake tashi, suna iya zuwa da bijirewa, magani ya ƙara yawa da wahala.

Ga mai shirin tafiya

Darasin ɗan goggo na lissafin kwanaki ne. Takardar Birtaniya wata 6 take aiki daga ranar da aka ɗauki hoton. Wanda zai fara karatu a Satumba, ya je gwajin a Mayu ko farkon Yuni, yadda ko an ce a jira mako 8 ba zai makara ba. Tun kafin wannan, ranar da ka fara cike fom ɗin neman gurbi, kusan shekara guda kafin tafiya, je asibitin garinku a ɗauki hoton ƙirjinka. Ba za a karɓi wannan hoton a ofishin biza ba, amma in akwai matsala za ka gama wata 6 ɗinka ba tare da ka rasa zango ba. Da yaron nan ya yi haka, da yanzu yana aji.

Wanda ya taɓa yin cutar ya warke, ya adana katin maganinsa da tsofaffin hotunansa, ya tafi da su. Tabon huhu ba ya gogewa, zai fito a hoto, kuma mai yiwuwa a nemi kaki. Idan da iyali za a tafi, kowa sai an duba shi. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 galibi likita ne ke duba su ba tare da hoto ba. Mai ciki tana da zaɓi: hoto da kariya ta musamman bayan wata 3 na farko, ko gwajin kaki, ko ta jira sai ta haihu.

Kada kuma wani ejan ya ce zai samo maka takarda ba tare da ka je ba. Ana tantance takardun nan, kuma wanda aka kama da ta bogi ana iya hana shi shiga Birtaniya har shekara 10. Ko da ta wuce, ka tafi da ciwo a ƙirji zuwa ƙasar sanyi inda ba ka da uwa ba ka da uba.

In an same ka da cutar, rubuta wa jami'ar nan take ka nemi a ɗage maka gurbin. Ɗan goggo ya rubuta, ya haɗa da takardar likita, suka ɗage masa zuwa Satumba mai zuwa. Masu tallafin dai sun ce sai ya sake nema, ya kuma tura takardunsa, muna jiran amsa. Zai gama magani a farkon Maris, in Allah Ya yarda. Ya ƙara kilo biyar, kumatu sun fara fitowa.

Ranar da zan taho, na tarar an ɓalle kwalin da ke tagar ɗakin bakin zaure, an sa ragar sauro. Goggo ta kira kafinta ya huda wata tagar a bangon da ke fuskantar ta farko, ta ce in kuɗin haya ya shigo za a yi wa sauran ɗakunan. Kwanon da aka ware ya koma cikin 'yan uwansa. Ɗalibi ɗaya ya kwashe kayansa ya bar gidan da ya ji labari, sauran suna nan. Ta cika mini jaka da turaren wuta da humra da bandar kifi, ta rako ni har bakin titi, tana ta jaddada mini in kira ta in na wuce Damaturu.

Iyaye masu yara a makarantun kwana da jami'o'i da tsangayu, idan sun dawo hutu ku saurari tarinsu, ku dubi wuyan rigarsu ko ya yi musu yawa. Ku tambaye su su nawa ne a ɗaki, kuma tagar tana buɗuwa ko a'a. Masu gidajen haya, taga biyu masu fuskantar juna ba su kai kuɗin jinyar mutum ɗaya ba.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani.